Tseren keken dutse a Amurka: sai na riƙe diga kafin in sa rigar ƙungiya?

"Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a jihar Kolorado. Bara na sayi keken hawa dutse na hannu, abin ya shiga raina har ina son in shiga tseren 'yan koyo. Ƙungiyar masu keke ta garinmu ta ce duk mai son ya sa rigarta a tsere sai ya riƙa zuwa ranakun gyaran turba. Ni kuwa a ganina gyaran hanya aikin hukuma ne, ga karatu ya sha mini kai. Na biyu, na taɓa zuwa sau ɗaya, da aka tashi daga aiki sai wani ya buɗe bayan motarsa ya fito da giyar da ya haɗa a gida, kowa yana ɗanɗanawa ana yabawa. Ni Musulmi ne, ba na sha, sai na ji kamar wurin ba nawa ba ne. Shin gyaran nan dole ne? Kuma yaya zan yi da maganar giyar?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tambayarka kashi biyu ce: ko sharaɗin da ƙungiya ta gindaya maka yana da tushe, da kuma yadda mutumin da ba ya shan giya zai zauna lafiya cikin mutanen da giya ta shiga al'adar wasansu. Na daɗe ina hawa keken nan a jihar da kake, ina kuma jagorantar 'yan sa-kai a ranakun aiki, kuma ni ma ba na sha. Shawarata ita ce ka je aikin. Ba doka ce ta ƙasa ba, babu wanda zai hana ka shiga tsere don ba ka taɓa riƙe shebur ba, kana iya yin rajista da sunanka kai kaɗai. Amma ƙungiyar tana da gaskiya, kuma dalilinta ya girme ka a wasan.

Yadda aka yi masu keke suka zama masu gyaran turba

Wasan nan bai daɗe ba. A ranar 21 ga Oktoba 1976 wasu samari a gundumar Marin ta jihar Kalifoniya suka fara tseren da aka sani da Repack, gangare ne na kimanin kilomita 3 da ke saukowa kusan mita 400, a kan tsofaffin kekuna masu birkin feda waɗanda man girisinsu kan ƙone kafin a kai ƙasa. Cikin waɗanda suka yi fice a tseren akwai Charlie Kelly da Gary Fisher da Joe Breeze, wanda ya ƙera firam na musamman don wannan hawa a 1977. Da kamfanin Specialized ya fitar da Stumpjumper a 1981, keken ya shiga shaguna, jama'a suka yi ca a kan turbobin da tun asali masu tafiya a ƙasa da mahaya dawaki ne suke bi.

Nan rigima ta tashi. Masu tafiya a ƙasa suka ce kekuna suna firgita su suna kuma lalata hanya, masu dawaki suka ce ana razana musu dabbobi. A 1984 hukumar gandun daji ta Amurka ta fayyace cewa keke yana cikin abubuwan da aka hana shiga dazuzzukan da dokar 1964 ta keɓe, sannan wuraren shaƙatawa da yawa a Kalifoniya suka fara kafa allunan hana keke. Wannan ne ya sa ƙungiyoyi biyar na jihar suka haɗu a 1988 suka kafa IMBA, wato ƙungiyar masu keken dutse ta ƙasa da ƙasa, wadda daga baya ta mayar da hedikwatarta garin Boulder, nan kusa da ku. Abin da suka gane shi ne, kuka da rubuta takardar koke ba za su buɗe musu turba ba. Sai suka riƙa zuwa wurin masu kula da filayen suna cewa: ku bar mu mu hau, mu kuma za mu gyara. Da wannan alkawari wasan ya samu gindin zama, har aka yi gasar duniya ta farko a Durango ta Kolorado a 1990, ya kuma shiga wasannin Olamfik a Atlanta a 1996.

Maganarka cewa aikin hukuma ne ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba, domin yawancin filayen na gwamnatin tarayya ne ko na jiha ko na gunduma. Sai dai ma'aikatan da ke kula da su ba su da yawa, kuma gobarar daji da sansanonin baƙi da banɗakuna sun riga turbar keke a layi. Akwai kuma abin da sabon shiga bai cika sani ba: takardar da kake sa wa hannu da safe, wadda ake rubuta awannin da ka yi, ba ado ba ce. Tallafin gina turbobi, irin na shirin tarayya da aka kafa a 1991, yakan buƙaci mai nema ya kawo nasa kason, kuma a wurare da yawa ana lissafa awannin 'yan sa-kai a matsayin wannan kaso. Awa huɗun da ka yi da diga tana iya zama kuɗin da aka gina sabuwar turba da shi baɗi. Idan kuma ƙungiya ta je neman izinin yin tsere, abin da mai ba da izini yake fara dubawa shi ne ko mutanen nan sun saba cika alkawarin gyara.

Ruwa ne yake cin turba

A nan nake son in daɗe, don idan ka fahimci wannan, ranar aiki za ta daina zama maka wahalar banza. Taya tana sassauta ƙasa, amma ruwa ne yake kwashe ta. Duk aikin da muke yi a kan dutse, dabara ce ta hana ruwa bin turba a tsaye. Manomin da gonarsa take kan gangare ya san ba a yin kunya ta bi gangaren, sai dai ta gitta shi, in ba haka ba ruwan sama ɗaya ya mayar da kwarin kunya kwazazzabo. Turba ma haka take.

Ga ƙa'idojin da masu wannan sana'a suke bi. Ana auna gangare da kaso cikin ɗari: idan hanya ta hau mita 10 a cikin tafiyar mita 100, an ce kashi 10 ke nan. Ƙa'ida ta farko ita ce kada gangaren turba ya wuce rabin gangaren tudun da take ratsawa. Idan gefen dutsen kashi 20 ne, turba kada ta haura kashi 10. Da zarar ta haura, ruwan da ke gangarowa daga sama ba zai tsallake ta ba, sai ya juya ya bi ta, ya mayar da ita magudana. Ta biyu, a dunƙule ana son turba ta tsaya a wajen kashi 10, ko da wasu gajerun wurare sun fi haka tsauri inda akwai dutse ko ƙasa mai ƙarfi. Ta uku, fuskar turbar kanta ana ɗan karkata ta zuwa waje da kamar kashi 5, yadda mahayi ba zai ma ji ba amma ruwa zai zame ya wuce. Ta huɗu, wadda na fi ba muhimmanci, ita ce turba ta riƙa ɗan nitsewa tana ɗagowa akai-akai, duk bayan 'yan mitoci, domin kowane ɗan kwari ya zama ƙofar da ruwa zai fita tun bai tara ƙarfi ba. Wannan hawa da saukar da kake jin daɗinsa idan keke yana lilo da kai, don ruwa aka yi shi, daɗin ya biyo baya.

To me ke ɓata turbar da aka gina daidai? Tayoyi suna danne tsakiya, ƙasar da suka ture tana taruwa a bakin waje, a hankali sai ta zama ɗan tudu mai tsawo. Tudun nan ko bai kai tsayin yatsa ba ya isa ya tsare ruwa. Ka tsuguna bayan an ɗauke ruwan sama ka duba: za ka ga siririn layin yashi mai laushi a tsakiyar hanya, da ƙananan tsakuwoyi da aka wanke suka fito fili, can ƙasa kuma inda hanya ta lanƙwasa ka tarar da tulin laka. Ƙasar turbar ce ta taru a can. Mafi yawan aikin ranar gyara shi ne kankare wannan tudu na bakin waje, da buɗe magudanun da ganye da yashi suka toshe, da fafe wani ɗan wuri mai siffar rabin faranti, faɗinsa kamar mita 3, inda ruwa ya saba kwanciya. Ƙasar da aka kankare ba a barin ta a bakin hanya, watsa ta ake yi can ƙasa, in ba haka ba an sake gina tudun da aka rushe. Sababbin zuwa sukan so su haƙa siririn rami mai zurfi su ce sun yi magudana. Irin wannan mako biyu ya cike, kafin nan kuma ya kayar da wani. Magudana mai kyau faɗi gare ta, ba zurfi ba, har mai keke ya wuce bai lura da ita ba.

Sai kuma abin da mu mahaya muke jawowa. Mai jan birkin baya har taya ta tsaya tana jan ƙasa kafin kwana, shi yake haƙa ramukan nan masu kama da matakala. Mai kauce wa taɓo ya bi gefe, shi yake mayar da turbar da faɗinta bai kai mita ɗaya ba ta zama titi. Idan ka iske ruwa kwance, ka bi ta tsakiyarsa. Idan kuma laka tana manne wa taya, ka juya gida. A gindin duwatsun Kolorado akwai yumɓu mai danƙo wanda kan cika tsakanin taya da firam har keke ya ƙi motsi, kuma sawun da ka bari yakan bushe ya yi tauri ya zauna wata da watanni. A lokacin sanyi ƙasa takan daskare da dare ta narke da hantsi, saboda haka mai son hawa sai ya fita da sassafe ya dawo kafin rana ta taɓa ta. Yanzu ka ƙiyasta ranar tsere, mutum ɗari ko fiye suna zagaya hanya ɗaya, kowa yana jan birki a wuri guda. Ɓarnar da za a yi a wata ɗaya ana yin ta kafin azahar. Wanda ya ci moriyar wannan rana, bai kamata a roƙe shi ya zo gyara ba.

Wannan duka a kan busasshiyar ƙasar tsaunukan Rocky na koye shi. Idan karatu ya kai ka arewa maso yamma, irin su Oregon da Washington inda ruwa ba ya ɗaukewa kuma ƙasa cike take da ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi, ma'aunin yakan canja, sai ka bi abin da jagoran aikin can ya nuna maka.

Ranar aiki da ranar tsere

Kayan aikin ba baƙi ba ne sosai. Akwai shebur da diga da baro. Akwai McLeod, mai fuska biyu, gefe ɗaya manjagara mai manyan haƙora, ɗaya gefen faffaɗar fartanya, ana kuma daddanna ƙasa da shi. Akwai Pulaski, gatari a gaba, ƙaramar fartanya a baya, wanda ya samo suna daga wani ma'aikacin gandun daji, Ed Pulaski, bayan babbar gobarar 1910. Dukansu daga masu kashe gobarar daji aka gaje su. Ka bar tazarar kamar mita 3 tsakaninka da na kusa da kai, ka yi magana kafin ka wuce ta bayan mai sara, kuma in kuna tafiya ka riƙe kayan a hannun da ke ɓangaren gangare, kaifi yana kallon ƙasa, kada ka saɓa a kafaɗa. Ka zo da takalmi mai rufi, dogon wando, safar hannu da ruwa mai yawa. Zarton inji kuwa a filin gwamnatin tarayya sai mai takardar horo.

Abu ɗaya da nake ja maka kunne a kai: kada ka ɗauki shebur ka je ka gyara ko ka ƙara wani abu kai kaɗai ba da izini ba, ko cire dutsen da ya dame ka, ko yanke kwana don ka rage daƙiƙa biyu. Turbar da aka haƙa a ɓoye ita ce babbar hujjar masu son a rufe wa keke hanya, kuma dutsen da ka cire wataƙila da gangan aka dasa shi don ya rage gudu kafin mahaɗa.

Game da tseren, ka fara da na zagaye a rukunin 'yan koyo, wanda da wuya ya wuce awa ɗaya. Idan tseren yana ƙarƙashin USA Cycling, hukumar da ke kula da tseren keke a Amurka, ana sayar da lasisin kwana ɗaya, ba sai ka sayi na shekara ba. Ka zagaya hanyar kafin ranar, ka tabbatar birki da tayoyi lafiya, hular kwano kuwa ba a tashi sai da ita. Kada ka bi zugar farko, don yawancin 'yan koyo a minti goman farko suke ƙone kansu, balle a tsaunin da iska ba ta da kauri. Mai son wuce ka zai yi magana, sai ka ba shi gefe inda ka ga babu haɗari. Za ka kuma ga amfanin aikin da ka yi: wanda ya gyara kwana da hannunsa ya san inda ƙasarta take da tauri da inda take zamewa. Idan kana da ciwon zuciya ko asma, ka ga likita kafin ka sa lamba.

Maganar giyar gida

Abin da ka gani a bayan motar nan yana da tarihinsa. Bayan an ɗage haramcin barasa a Amurka a 1933, haɗa giya a gida ya ci gaba da zama laifi a dokar tarayya har zuwa Oktoba 1978, lokacin da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta shi, ta fara aiki a Fabrairu 1979. An yarda baligi ɗaya ya haɗa galan 100 a shekara, gida mai baligai biyu ko fiye galan 200, amma ba a yarda ya sayar ba, shi ya sa kullum kyauta ake rabawa. Jihohin Mississippi da Alabama su ne na ƙarshe da suka amince, a 2013. A waccan shekara ta 1978 kuma Charlie Papazian ya kafa ƙungiyar masu haɗa giya a gida a Boulder. Ka ga ke nan keken dutse da giyar gida sa'o'in juna ne, a garuruwa ɗaya suka bunƙasa, a hannun irin mutane ɗaya, masu son kwance abu su ɗaura da kansu. Kamfanin New Belgium na Fort Collins, da aka kafa a 1991, daga giyar gida ya fara, kuma shahararriyar giyarsa Fat Tire ta samo asali ne daga yawon keke da ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin ya yi a Beljiyam. Har yau kamfanonin giya suna cikin masu ɗaukar nauyin tsere da ranakun aiki.

Ni ban taɓa haɗawa ba, amma na zauna da masu yi, kuma sanin yadda abin yake zai amfane ka. Tsiron sha'ir ake jiƙawa a ruwan zafi a tace, a tafasa ruwan da wani fure mai ɗaci da ake kira hops, a huce, a zuba yis, a rufe mako biyu ko fiye. Yawanci galan 5 ake yi a tashi ɗaya, wajen lita 19. Barasar tana samuwa ne bayan an zuba yis, saboda haka burodin da wasu ke yi da dusar sha'ir ɗin da aka tace tun farko babu barasa a cikinsa ta wannan hanya. Abin da za ka tambaya shi ne miyar wake da nama ko tsiran da aka dafa, don wasu suna zuba giya a ciki, ga kuma maganar naman alade. Abin da aka rubuta wa marar barasa a Amurka yana iya ƙunsar har kashi 0.5, kuma duk gwangwanin lemo ko ruwan tuffa da ka ga an rubuta hard a jikinsa, mai barasa ne. Kwalbar gida ba ta da takardar da ke nuna ƙarfinta, wani lokaci ta fi ta shago, don haka kada ka shiga motar wanda ya sha zuwa gida a kan hanyar dutse. Ka zo da motarka, ko ka shirya da wanda ba ya sha tun da safe.

Hukuncin zama a inda ake sha magana ce ta malamai, ka kai ta wurin wanda ka amince da iliminsa. Abin da nake yi shi ne, ina faɗa tun ranar farko, a taƙaice, cewa ba na sha saboda addinina, ba na kuma sa kuɗi a karo-karon sayenta ko ɗaukar ta. Ban ga wanda ya riƙe ni da wannan ba. Ba kai kaɗai ba ne: akwai waɗanda suka daina sha bayan ta wahalar da su, akwai masu tuƙi, akwai masu shirin tsere da suka san barasa tana ƙara fitsari tana hana jiki murmurewa bayan wahala. Mai miƙo maka kofi yana nuna maka abin da ya yi da hannunsa ne, irin yadda zai nuna maka keken da ya haɗa, kuma "na gode, ba na sha" ta ishe shi. Ina zuwa da kula cike da zoɓo mai citta da kanumfari da ƙanƙara, busasshen zoɓon kuwa a shagunan 'yan Meziko nake saye, suna kiran sa jamaica. Mutanen da suka yini suna sara a rana ba sa barin ko ɗigo. Ina tsayawa a ci abinci, a tattara kayan aiki a ƙirga su, idan hira ta koma ta kwalba sai in yi sallama. Idan zuciyarka ba ta kwanta da ko wannan ba, ka tafi da an ajiye diga, awanninka sun riga sun shiga takarda. Akwai kuma wata mafita: ranakun aikin ƙungiyoyin matasa na makarantun sakandare da ke ƙarƙashin NICA, ƙungiyar tseren keke ta ɗalibai wadda aka kafa a 2009, na yara ne da iyayensu, kuma kullum suna neman manya masu taimako.

Saura karatu. Yawancin ranakun aiki rabin yini ne, daga safe zuwa azahar, kuma sun fi yawa a watannin Afrilu zuwa Yuni da kuma Satumba zuwa Oktoba, lokacin da ƙasa take da ɗan danshin da za ta dannu. Ka sami mai tsara aikin ka nuna masa jadawalin jarrabawarka, ka zaɓi ranakunka tun farkon shekara. Ka kuma tambaye shi ko suna lissafa wasu ayyukan, kamar tsayawa a mahaɗa ranar tsere, ko cire igiyoyi da alamomi bayan an gama, ko wasa kayan aiki da yamma, domin ƙungiyoyi da yawa suna karɓar waɗannan a madadin ranar da ta ci karo da jarrabawa.